Yankari da yara a hutun Disamba: za a ga zaki kuwa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Tun ranar da aka nuna wa yarana hoton giwa a makaranta ba su bar ni na sha ruwa ba, kullum sai "Abba yaushe za mu Yankari?" Na riga na yi alkawari, in an yi hutun Disamba. Mu shida ne, ni da mamansu da yara huɗu, babbar shekararta 12, autan 4. Daga Kano za mu tashi. Waɗanda suka taɓa zuwa don Allah ku taimaka: kwana nawa ya isa, me ake yi ban da kallon dabbobi, kuma da gaske ana ganin zaki? Don shi ɗana Khalifa zaki kawai ya sani.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni dai gaskiya ban ga abin da ake zuzutawa ba. Mun je da maigida da yara, muka shiga motar zagaye awa biyu cur, ban da ciyawa da birai babu abin da muka gani. Sai tsando da ya yi ta cizon mu. Da kuɗin man nan ka kai su wurin wasan yara su ci kaza su dawo.

Auta:
Yaya in zaki ne matsalar, ga gidan zoo na Audu Bako nan kusa da kai. Kuɗin adaidaita kawai. Zakin yana kwance yana jiran Khalifa, ba ya zuwa ko'ina 😂

Baba Malamin Daji:
Maman Sadiq, a wane wata kuka je?

Maman Sadiq:
Agusta Baba, lokacin dogon hutu.

Baba Malamin Daji:
To ai shi ke nan 'yata, kin je kasuwa ranar da ba ta ci. Na yi aikin daji shekaru masu yawa kafin in ajiye, bari in yi muku bayani yadda za ku gane.

Yankari ba gidan zoo ba ne. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri, ba keji, ba mai kai wa dabba abinci. Da damina ruwa yana ko'ina, kowane kwari da kowane rami ya cika, saboda haka dabba ba ta da dalilin zuwa inda mota ke bi. Ga gamba ta yi tsawo ta fi mutum. Ɓauna tana iya tsayawa taku ashirin daga gare ki ba ki gan ta ba, ita kuwa tana kallon ki.

Da rani labari ya sha bamban. Kududdufai sun ƙafe, ciyawa ta bushe ta kwanta, ganye ya zube, ruwan da ya rage na dindindin shi ne kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin. Duk mai rai dole ya gangaro can: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo. Hanyoyin mota kuma gefen fadamar Gajin suke bi. Wannan shi ne sirrin gaba ɗaya. Daga ƙarshen Disamba ake fara gani, amma ganin ƙwarai Fabrairu zuwa Afrilu ne, lokacin da zafi ya matsa musu.

Baban Ilham, Disamba ba laifi, sai dai ka sani tsaka-tsaki ne. In za ka iya jure zafi, hutun Afrilu ya fi.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri Baba. Afrilu kam da wuya, alkawarin Disamba na yi, kuma ka san yaro ba ya manta bashi. Maganar zakin fa?

Baba Malamin Daji:
Kada ka yi masa alkawarin zaki. Ka ji na faɗa maka tun yanzu. Akwai su, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma da dare suke yawo. A duk Najeriya wuri biyu kaɗai zaki ya rage a daji, Yankari da Kainji. Irin namu na Afirka ta Yamma duka-duka an ƙiyasta su kimanin 400 ne, kuma mafi yawansu suna dajin da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar. Ba irin na Kenya da Tanzaniya ba ne da kuke gani a talabijin sun baje a fili mota goma ta kewaye su. Namu ko gezar kirki ba su cika yi ba, kuma sun san ɗan Adam ba abokin arziki ba ne.

A duk shekarun da na yi, ganin da na yi wa zaki ido da ido ba zai cika yatsun hannu biyu ba. Amma sawu na gani ba adadi, kuma na sha jin gurnaninsa kafin asuba. Wanda ya ji wannan sautin sau ɗaya a cikin duhu, ya san na keji hoto ne kawai.

Auta:
Baba ni in na ji gurnanin nan ai sai dai a tsince ni a Dindima ba takalmi.

Anti Malama:
Baban Ilham, ni sau uku ina raka ɗalibai, bari in ba ka abin da na koya a aikace.

Daga Kano ku yi sammako, ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ku shiga Bauchi. In da hali ku tsaya kabarin Tafawa Ɓalewa yara su gani, ba ya cin lokaci. Daga nan hanyar Gombe za ku kama, a Dindima ku karya, ku miƙe har Mainamaji inda babbar ƙofa take. Abin da mutane ba sa sani shi ne in ka isa ƙofa ba ka iso ba, akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Don haka ku sha mai ku cika tanki a Bauchi, kuma kada ku bari magariba ta same ku a hanya. Wannan tafiyar ta cikin dajin ma kallo ce, a rage gudu, yara su sa ido.

Kwana biyu shi ne mafi ƙaranci. Ana fita zagaye da safe da kuma yamma, to kwana biyu zai ba ku fita uku ko huɗu. Wanda ya zo da azahar ya yi fita ɗaya ya juya, caca ya yi. Disamba akwai sanyin hunturu da safe, motar kuma a buɗe take, a sa wa yara rigar sanyi. Kaya masu dogon hannu saboda tsando, kuma a guji baƙi da shuɗi, su yake bi. Sannan ku kama ɗaki tun da wuri, don daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara wurin cika yake.

Sai babban gargaɗi: birai.

Maman Sadiq:
Hmm! Anti kin tuna min. Wallahi ledar biredi ce a hannun Sadiq, kafin in ce kai, wani ƙato ya fizge ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallon mu. Yaron nan kwana ya yi yana firgita.

Anti Malama:
Haka suke. Bika ne, wasu su ce gwaggon biri. Sun saba da mutane har sun raina su, musamman mata da yara. Sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa. Ɗaki a kulle da mukulli ko kuna ciki, taga a rufe, gilashin mota a ɗage. Kada yaro ya fito da abinci a hannu. In ya riga ya kama abu a sakar masa, kada a yi ja-in-ja da shi, haƙoransa sun fi na kare. Kuma don Allah kada a ba su abinci don a ɗauki hoto, masu yin haka su suka lalata su.

Akwai kuma mugun dawa, su ma suna yawo a cikin sansanin kamar awaki, suna durƙusawa a kan gwiwa suna kiwo. In sun tsorata su ɗaga wutsiya sama su zura. Ɗalibaina sun fi yin dariyarsu a kan komai.

Hajiya Babba:
Ni tambayata a kan ruwan Wikki ne. Ina ganin hotuna maza da mata a cakuɗe. Mace mai mutunci za ta iya shiga kuwa?

Anti Malama:
Hajiya za ta iya in ta zaɓi lokaci. Mu da sassafe muke sauka bayan sallar asuba in gari ya waye, kafin jama'a su taso, da dogayen kayanmu. Ranakun aiki kuma sun fi Asabar da Lahadi sauƙi. In kin tarar da cunkoso ki zauna a bakin ruwa ki tsoma ƙafa, shi ma daɗi ne.

Ruwan nan abin mamaki ne. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, garau, kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa. Da sanyin Disamba in ka shiga ba ka son fita. Lita miliyan 21 yake fitarwa kullum, ya gangara ya shiga Gaji. Amma Baban Ilham ka kula, wajen bakin dutsen yana da zurfi, ya kusa mita 2, zai shanye babba ma. Yara can ƙasa inda bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, kuma idonka a kansu.

Ɗalibin Tarihi:
Ina ƙara da cewa kada a tsaya a dabbobi da wanka. Mutane sun zauna a dajin nan tun kafin a mai da shi gandu a 1956. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, wani mai bincike P.J. Marshall ya bayyana su a 1980, ana kyautata zaton maɓoya ce a zamanin farautar bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 da aka haƙa suka haɗe ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai kuma tsofaffin matoyar ƙarfe inda maƙera suke narka tama. A ce wa mai rakiya ana son zuwa, don in ba a tambaya ba yawanci zagayen dabbobi kawai za a yi. A sansanin ma akwai ɗan gidan tarihi mai fatu da ƙasusuwa da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta. 'Yarka mai shekara 12 za ta ƙaru.

Ɗan Duguri:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kowa yana ta giwa giwa kamar wata amarya. Ku yi haƙuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni a gefen dajin nan aka haife ni. Ku kuna biyan kuɗi ku ga giwa, mu kuwa addu'a muke kada mu gan ta. Lokacin da masara ta nuna, dawa ta fitar da kai, lokacin suke fitowa, kuma da dare. Shekarar da ba zan manta ba, mahaifina ya yi noman da muka ce bana kam sai dai mu ba wasu. Saura mako biyu girbi. Dare ɗaya garke ya shiga. Da safe muka je, wallahi kamar an bi gonar da tarakta, abin da ba su ci ba sun tattake. Tsohon nan ya tsaya a bakin gona ya kasa magana, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Shekarar nan sai da aka sayar da shanun huɗa aka sayi hatsi, ƙanwata kuma ta bar makaranta zango guda.

Muna kwana a gona da gwangwani da tocila da wuta. Wani lokaci su juya, wani lokaci toron ya tsaya ya buɗe kunnuwa, kai ne za ka juya. Dabbar da ke cin abin da ya kai kilo 150 a rana, gonar talaka loma nawa ce?

Ba ina cewa kada ku je ba. Ku je. Amma in kun ga giwa kuna tafi, ku tuna wani ne ya ciyar da ita bara.

Injiniya:
Subhanallah. To ni ban ga amfanin ajiye dabbar da ke jefa mutane cikin yunwa ba. Ko a kewaye dajin da waya, ko a rage su. Ran ɗan Adam ya fi na dabba.

Auta:
Injiniya ya zo da kwangila 😂

Injiniya:
Ba wasa nake ba Auta. Mu a birni muna jin daɗin hoto, su suna kwana da yunwa. Wannan adalci ne?

Baba Malamin Daji:
Ɗan Duguri, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, na ga irinsa da idona, kuma na sha zagi a ƙauyuka saboda kakin da ke jikina. Ban taɓa jin haushi ba don na san abin da ke cin su. Allah ya mayar wa mahaifinka da alheri.

Injiniya, kai ma'abocin lissafi ne. Fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ko da a zagaye yake kamar faifai, kewayensa ya haura kilomita 160. Wayar da za ta tsare giwa sai mai lantarki, kuma sai an bi ta kullum ana gyara, don giwa tana tura itace ta kayar a kanta ta wuce. Mu da wutar gida ma ta gagare mu.

Batun a rage su kuwa, me ya rage da za a rage? Shekaru ashirin da suka wuce ana maganar sama da 300. Masu neman haure suka yi musu ɓarna, yanzu ƙiyasin da ake yi 100 zuwa 150 ne, kuma a hakan suna cikin garke mafi girma da ya saura a ƙasar nan. Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi shekaru kafin ta sake. In ka kashe goma yau, sai jikanka ya ga madadinsu. Dajin nan da akwai raƙumin dawa, akwai kyarkeci. Ina suke? Ba wanda ya ce a ƙarar da su, ɗaya-ɗaya aka yi ta ɗauka har aka wayi gari babu.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne sintiri na gaskiya. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shigo tana taimakawa, a 2014 ta yi yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a kan tsaron dajin, aka horar da ma'aikata, ana biyan su alawus na kwanan daji. Daga 2015 aka yi shekaru ba a tsinci giwar da aka kashe don haure ba. An kuma ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam, ga mutanen da aka ɗauka a ƙauyuka su riƙa sanarwa in garke ya doso gonaki. Bai kawar da matsalar ba, Ɗan Duguri shaida ne. Amma ya fi da.

Ɗan Duguri:
Baba ban musa ba, an samu sauƙi ta wajen sanarwa. Amma sanarwa ba ta cika rumbu. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne motoci masu kyau suna wucewa ta gabanmu su shiga su fito, ko ruwan leda ba a saya a wurinmu. In giwar nan tana kawo kuɗi, to wanda ta ci gonarsa ya kamata ya fara gani.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Maganar Ɗan Duguri ta tuna mini da Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. Can ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage, kuma ba cikin gandu suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin waken manoma da mangwaro. A 1996 saura 49 kacal. Abin da aka yi, masu rakiyar baƙi 'yan ƙauyukan ne da kansu, kuma ana taimaka wa garuruwan da rijiyoyi da ƙananan rance. Da mutane suka ga dabbar tana kawo musu wani abu, suka zama su ne masu gadinta. Yau sun haura 600, har an ɗebi wasu an kai gandun dajin Gadabeji a 2018.

Sai dai abin baƙin ciki, a watan Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ka ga abincin masu rakiya ya tsaya. Shi wannan sha'ani gaba ɗayansa a kan zaman lafiya yake tsaye.

Ɗan Zangon Tamale:
Mu ma nan Gana muna da gandun dajin Mole a arewa, kusa da Larabanga mai tsohon masallaci. Can har da ƙafa ake fita da safe, ma'aikaci da bindiga a gaba, ku bi shi har ku hango giwa tana wanka. Mutanen garuruwan kusa suna samun na cefane da baƙi. Ku zo ku gani wata rana, ba biza tsakaninmu.

Injiniya:
To ai kun dawo kan maganata ta wata hanya. A biya manomi ko a ba shi rabo.

Bappa na Gombe:
Tunda an buɗe maganar bari mu ma mu sa baki, don na san in an jima za a ce Fulani. E, ana shiga da shanu dajin, ba zan ɓoye ba. Amma ku tambaya me ya sa. Burtalin da kakanninmu suke bi an nome shi. Makiyaya an yanka an yi gonaki. Watan Maris in ka tsaya da shanu hamsin suna kuka, ko'ina ƙura, ka hango kore shar a fadamar Gaji, me za ka yi? Ba son karya doka ba ne.

Baba Malamin Daji:
Bappa na sani, kuma na kama shanu da hannuna ina jin tausayin mai su. Amma bari in faɗi abin da ke biyo baya, don shi ne amsar tambayar Khalifa. Shanu in sun shiga, suna cinye ciyawar da ɓauna da gwanki za su ci, su kore su daga bakin ruwa. Ga mafarauta sun rage naman dajin. Zaki ya rasa abin kamawa, ga saniya a gabansa ba ta gudu, sai ya kama. Mai saniya ya ji zafi ya zuba guba a mushen. Zakin ya dawo ya ci, matarsa ta ci, 'ya'ya su ci, kura ta ci, ungulu hamsin su sauka su ci. Mushe ɗaya ya share abin da aka yi shekara goma ana reno. Ba a Yankari kaɗai ba, haka zaki ya ƙare a yawancin ƙasashen nan namu.

Bappa na Gombe:
Wannan aikin banza ne kuma ba kowa ke yi ba Baba. Mu a gidanmu an hana. Dabbar da ta ci rabonta ba a rama mata da guba.

Baba Malamin Daji:
Na yarda. Mutum ɗaya ya isa, shi ne matsalar.

Injiniya:
Kowa dai yana kare nasa. Manomi ya ce makiyayi, makiyayi ya ce manomi, ma'aikaci ya ce duka biyun.

Ɗan Duguri:
Kai kuma da ba ka taɓa kwana a gona ba kana raba mana gardama daga ƙarƙashin fanka.

Shugabar Zaure:
Jama'a a sassauta. Bawan Allah tambayar hutu ya yi, kun kai shi majalisa. Injiniya da Ɗan Duguri, ku sha ruwa. Maganar tana da amfani, amma ban da gugar zana.

Injiniya:
Na karɓa Hajiya. Ɗan Duguri ka yi haƙuri, gefenka nake tun farko.

Ɗan Duguri:
Ba komai Yaya, zafin abin ne. Baban Ilham, in kun zo ku tsaya a garuruwan hanya ku sayi wani abu, ko gyaɗa ko zuma ko rake. Kuma ka gaya wa yaranka akwai mutane a bayan dajin.

Maman Sadiq:
Ni dai yanzu na gane Agusta ce ta cuce ni. Baba in mun sake zuwa me za mu yi daban ban da canza wata?

Baba Malamin Daji:
Ku yi shiru a mota. Wannan shi ne na farko. Mutanenmu sai a shiga daji ana hira ana kunna waƙa a waya, sannan a ce ba a ga komai ba. Giwa tana jin ku tun kuna nesa. Na biyu, fitar safe ta fi, ku riga kowa shiga mota. Na uku, kada kowa ya sauka sai mai rakiya ya ce a sauka, musamman kusa da ruwa, don akwai kada akwai dorina, kuma dorina duk da kamar ba ta iya gudu ta fi ki sauri. Giwa mai ɗa kuma ba a matsa mata.

Na huɗu, ku daina neman manya kaɗai. Tsuntsaye sama da iri 350 ne a dajin nan. Burtu yana tafe a ƙasa kamar wani basarake, cilakowa, zabin daji garke-garke, shamuwa iri-iri a bakin Gaji. Ku tambayi mai rakiya sawun me ne wannan, kashin me ne wancan, wa ya karya wannan reshen. Yaro in aka nuna masa sawun giwa ya sa ƙafarsa a ciki, ba ya mantawa.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, na samu fiye da abin da na nema. Na zaunar da Khalifa na ce masa zakin Yankari ba ya fitowa sai ya ga dama. Ya ce to zai kira shi. In Allah ya kai mu zan dawo da labari.

Baban Ilham:
Salam 'yan zaure, na ɗaga tsohuwar maganar nan don cika alkawari. Mun je mun dawo lafiya, kwana biyu muka yi.

Fitar farko da yamma: gwambaza, mazo guda biyu, birai ba adadi, da kada ɗaya a kan yashi da Ilham ta rantse gungume ne sai da ya motsa. Fita ta biyu da safe: ɓauna, garke guda, sun tsaya sun zuba mana ido har mamansu ta ce direba ya ja mota. Giwa babu, sai kashinta sabo yana tururi a tsakiyar hanya da rassan da ta karya. Na ce shi ke nan, mun bi sahun Maman Sadiq.

Safiyar da za mu tafi na ce a sake gwadawa, yara suna ta mitar sanyi. Mun kusa juyowa mai rakiya ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Mun fi minti biyar ba mu ga komai ba, sai ƙarar reshe yana karyewa. Sannan suka fito daga cikin kurmi suna tsallaka hanya, na ƙirga tara, da ƙarami ɗaya a tsakiya yana tuntuɓe. Abin da ya ba ni mamaki, duk girman nan ba ka jin takunsu. Autana da ba ya rufe baki ko a masallaci, ƙam ya riƙe rigata bai ce uffan ba.

Zaki kam ba mu gani ba. An nuna wa Khalifa wani sawu a yashi aka ce na kura ne, shi ya ce na zaki ne, na bar shi a haka. Anti Malama, duk gargaɗinki sai da bika ya raba mu da kular soyayyen nama, laifina ne, na bar but a buɗe ina sauke kaya. Wikki kuwa sai da na yi da gaske kafin su fito.

Ɗan Duguri, mun tsaya a hanya mun sayi gyaɗa da zuma. Na ba yara labarin gonar mahaifinka a mota. Ilham ta tambaye ni ko cikin taran nan akwai wadda ta ci.

Ɗan Duguri:
Ka ce mata da wuya a rasa, giwa tana daɗewa a duniya. Zumar ta wace kasuwa ce? In ta yi ruwa-ruwa an cuce ka, ka yi min magana in aiko maka da ta gidanmu.

Maman Sadiq:
Tara! Baba Malamin Daji, Maris ko Afrilu, wanne za mu sa?

Baba Malamin Daji:
Ƙarshen Maris, kafin ruwan farko ya sauka. Ku tafi da ruwan sha da yawa.